Macizan Dutse na Mannarasala

Na tafi Mannarasala, wurin bautar macizai na mabiya addinin Hindu a kudancin Indiya, ina zaton zan ga irin abin da gardawanmu ke yi a kasuwa, a buɗe kwando gamsheƙa ta fasa kai. Wuni biyu na yi ina zirga-zirga a wurin, ban ga maciji mai rai ko ɗaya ba. Na dutse kuwa, sun fi ƙarfin lissafi.

Maganar takardu ce farko. Bayan biza daga ofishin jakadancin Indiya a Abuja, katin rigakafin shawara wajibi ne, kuma sai allurar ta cika kwana 10 kafin ka sauka. Wanda ya isa ba shi da shi, suna iya keɓe shi har kwana 6 a killace. Takardar ɗigon foliyo ma a tanade ta tun da saura wata guda. Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Doha, muka sauka Kochi a jihar Kerala kafin asuba. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi, rabin nan kuwa shi ke rikita mutum wajen lissafin lokacin kiran gida. Jami'in shige da fice ya tambayi adireshin masauki da tikitin komawa, ya ɗauki hoton yatsu, ya buga hatimi. Daga nan har na bar ƙasar ba wanda ya sake tare ni a hanya. Babu shingen buhunan yashi, babu katako mai ƙusa. Kyamarori ne a kan turaku, wanda ya karya doka tara ce za ta same shi a gida.

Kuɗi sai an yi dabara. Kusan kowa a can da waya yake biya, har mai shayi yana da ɗan allon da ake haskawa, amma galibi sai kana da asusun bankin Indiya. Baƙo tsabar kuɗi zai riƙe, kuma ya nemi ƙanana: 10, 20, 50, 100. Ka miƙa wa mai a-daidaita-sahu takardar rupi 500 da sassafe, sai ya girgiza kai irin girgizawar nan tasu da ba ka san e ba ce ko a'a.

Daga filin jirgin zuwa Haripad, garin da wurin bautar yake kusa da shi, kimanin kilomita 120 ne kudu. Ana iya ɗaukar tasi ta babbar hanya mai lamba 66, amma lokacin da na je aikin faɗaɗa ta da gadar sama tsakanin Aroor da Thuravoor yana cinye lokaci. Jirgin ƙasa na zaɓa. Bas zuwa Aluva, jirgin cikin gari zuwa Ernakulam ta Kudu, sai ɗan tattaki zuwa babbar tasha. A nan ne baƙo ke yin kuskure. Layin dogo biyu ne ke gangarawa kudu, ɗaya ta Kottayam, ɗaya ta bakin teku ta Alappuzha, sai a Kayamkulam suke haɗuwa. Haripad tana kan na bakin teku. In ka hau na Kottayam don ka ga an rubuta yana zuwa kudu, zai zagaye ta, sai ka dawo da baya. Tikitin talakawa bai kai rupi 100 ba, tafiyar ba ta cika awa biyu ba. Farkon Janairu ne, tashar cike da maza sanye da baƙaƙen kaya, ƙafa ba takalmi, ƙunshi a ka, masu ziyarar Sabarimala ke nan, wani babban wurin bauta a kan tsauni.

Ta taga abu ɗaya na lura da shi: babu daji. Gida na bin gida, kwakwa na bin kwakwa, ruwa a kwance ko'ina, masallaci da coci da ɗakin gumaka wani lokaci a layi ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne zai sa ka gane darajar ɗan kurmin da za mu shiga.

Masaukin farko da na je a Haripad bai karɓe ni ba. Dokar ƙasar ta ce duk mai saukar da baƙon waje sai ya cika fom ɗin C ya aika wa hukuma, ƙananan gidaje da yawa ba su yi rajistar yin haka ba, sai su ce maka ɗaki ya ƙare. Na biyu ya karɓa a kan rupi 1,400, fanka da ruwan wanka da sauro daidai gwargwado. A tafi da kwafin shafin fasfo da na biza, ana rage dogon zance. Abinci bai ba ni wahala ba, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala Musulmi ne, Shafi'awa, gidajen cin abincinsu a kowane lungu. Da safe puttu, garin shinkafa da kankararriyar kwakwa da aka turara a cikin bututu, kamar dambu amma a dunƙule, da miyar baƙin wake. Da rana jar shinkafa mai ƙiba da kifi, rupi 100 da ɗoriya. Da dare dafaffen rogo da miyar kifi mai yaji. Ruwan sha da ɗumi ake kawo shi, launinsa ja-ja saboda wani itace da suke tafasawa a ciki, kada ka ɗauka datti ne.

Ƙarfe shida na safe na tare a-daidaita-sahu. Ana kiran direba da "Chetta", wato yaya. Kilomita uku ne, rupi 60. Sammako dole ne, domin wuraren bautar Kerala suna rufewa kafin rana ta take, sai magariba a sake buɗewa na ɗan lokaci.

Bakin ƙofa rumfuna ne jere, abin da ake sayarwa kuma shi ne darasin farko. Ƙullin gishiri, ƙullin garin kurkum, masoro, da wasu 'yan siffofi na azurfa ko gwangwani da ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba: maciji, ƙwan maciji, da shuri. Kowanne da buƙatarsa a wurin masu imanin. Kurkum don kariya daga dafi, gishiri da masoro don neman lafiya, siffar maciji da ƙwai da shuri kuwa kamar diyya ce ga wanda yake jin shi ko kakansa ya taɓa kashe maciji, ya fasa ƙwansa, ko ya rushe gidansa. Wannan laifin suna ce masa sarpa dosham, kuma shi suke ɗora wa alhakin rashin haihuwa, ciwon fata da jinkirin aure. Akwai ofishi mai taga kamar na gidan waya inda ake sayen tikitin hadaya. Mutum ya faɗi sunansa da tauraron da aka haife shi a kai, a buga masa rasit.

Takalmi a waje ake barin sa. Namijin da zai shiga can ciki sai ya tuɓe riga, ya ɗaura farin zanen da suke kira mundu. Hoto babu. Wuraren bauta da dama a Kerala ba sa barin wanda ba Hindu ba ya ƙetare ƙofar ciki, saboda haka a tambaya kafin a taka. Ni dama iyakata farfajiyar waje da hanyoyin kurmi. Idan aka miƙo maka kwaɓaɓɓen kurkum a ganyen ayaba, wanda suke shafawa a goshi don tabarruki, ka dafa ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai, za a wuce ka ba tare da an ji haushi ba. Kallo na je yi, su ma ba su nemi fiye da haka daga gare ni ba.

Da ka shiga, sanyi ne zai fara dukan ka. Kurmin eka 16 ne, dogayen itatuwa sun haɗe kai, kurangar daji ta nannaɗe su, wasu kaurin cinya. Ƙasa yashi ce fara, da danshi a tafin ƙafa. Gefen hanya hagu da dama an yi dakali, a kai kuma duwatsu ne a jere kafaɗa da kafaɗa, wasu a gindin itace, wasu saiwa ta riga ta haɗiye rabinsu. Adadin da aka saba faɗa shi ne sama da 30,000. Na tsuguna gaban guda ɗaya na ƙare masa kallo. Baƙin dutse ne, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, jikin macijin a naɗe sau uku a ƙasa kamar gammo, wuya ya miƙe, kawuna biyar sun fasa a ƙarƙashin laima ɗaya. Garin kurkum ya cika duk wani tsagi na sassaƙar, na jiya ya yi duhu, na yau rawaya shar, tururuwa na bin layin madarar da ta bushe. Na kusa da shi macizai biyu ne sun sarƙe da juna kamar igiya. Kawunan kullum mara ne: ɗaya, uku, biyar, bakwai. Reshen da ya faɗo nan ake barin sa ya ruɓe. Ba mai shiga da adda, ba mai ɗibar itacen girki.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ke jin Turanci, ya ga ina rubutu ya matso. Malami a can "Mashe" ake ce masa, da na kira shi haka sai ya saki jiki. Shi ya warware mini abin da idona bai isa ya gani ba, na kuma gwada maganarsa da abin da na riga na karanta, suka dace.

Labarin asali iri biyu ne. Na farko ya ce Parasurama, wani jarumi a labaran addininsu, shi ne ya ƙwato ƙasar Kerala daga teku, amma gishiri ya hana komai tsiro, sai ya roƙi sarkin macizai, Nagaraja, macizai suka fesa dafinsu ya cinye gishirin, aka yi alkawarin ba za a raba su da mazauni ba. Na biyu ya ce gobara ta ci daji, macizai suka gudo da ƙuna, wasu mata da miji da ba su taɓa haihuwa ba suka yi jinyarsu da man shanu da zuma da kurkum. Sakayyarsu ita ce matar ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya mutum, ɗaya maciji mai kai biyar. Macijin ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan, wanda ake kira nilavara, ya bar wasiyya cewa uwarsa ce za ta riƙa yi masa hidima. Har yau 'yan gidan "Kaka" suke ce masa, kamar wani tsoho da ke kwance a ɗakin baya. Sau ɗaya a shekara, washegarin bikin Shivaratri na abin bautarsu Shiva, ake yin babbar hidimar wannan ɗaki.

Daga wannan wasiyya aka samo abin da ya bambanta Mannarasala da kusan duk sauran wurare: shugabar ibada mace ce. A ƙasar da aikin nan yake hannun mazan Brahmin, zuriyar masu jagorancin ibadar Hindu, a nan mace mafi girma a gidan ce ke riƙe da shi, ana kiran ta Amma, wato uwa. In ta hau, ta bar rayuwar aure, ta daina tafiye-tafiye, ta yi kimanin shekara tana koyon addu'o'i kafin ta fara jagoranci. Umadevi Antharjanam ta riƙe muƙamin daga 1993 har ta rasu a Agustan 2023, Savithri Antharjanam ta gaje ta. Maza na gidan suna yin hidimar kullum, manyan ranaku kuwa nata ne.

Ranakun da taurari ake lissafa su. Suna da masaukan wata 27, kusan irin manzilolin da malamanmu ke lissafin damina da su, na tara shi ne Ayilyam, tauraron macizai. Yana zagayowa kusan kowane wata, amma babban biki shi ne na watan Thulam, tsakanin Oktoba da Nuwamba, wanda har hutu ake bayarwa a gundumar Alappuzha. Ran nan Amma ke ɗaukar gunkin Nagaraja da kanta, a yi jerin gwano da kiɗa daga ɗakin bauta zuwa gidan iyalin, a yi hadaya a can. Wanda ke son ganin wannan ya kama ɗaki tun da wuri, ya kuma tafi da laima, don lokacin ruwan ƙarshen shekara ne. Wanda ke son ya ga wurin a natse ya zo ranar da ba kowa.

Babbar hadaya ita ce nurum palum: garin shinkafa da garin kurkum a dama da madara, a zuba wa gumakan. Sai wani jan ruwa da suke kira kuruthi, wanda daga nesa za ka rantse jini ne. Kurkum ne aka haɗa da farar ƙasa irin ta shafen bango, haɗuwarsu ke mai da shi ja. Ba a yanka komai. Wani abin da ya kamata a sani, maciji ba ya shan madara don so, cikinsa ma ba ya narkar da ita. Masu yawo da gamsheƙa a wasu sassan Indiya ƙishirwa suke gasa mata kwanaki har ta sha dole, dokar kare namun daji ta 1972 kuma ta haramta sana'ar. A Mannarasala dutse ake zuba wa, mai rai yana can cikin ciyawa ba a dame shi ba.

Kiɗan da ke tashi a gefen farfajiya shi ya fi tsaya mini a rai. Mutanen Pulluva ne, zuriyar da gadonta ke nan, waƙar macizai. Namijin na riƙe da wani ɗan goge mai tsirkiya ɗaya, in ka rufe ido kukuma ce sak. Matar na zaune da tulun ƙasa da aka rufe gindinsa da fata, igiya ta fito daga fatar an ɗaure ta a sanda, ta take sandar da ƙafa don igiyar ta miƙe, tana fizgar ta da ɗan katako. Sautin "brum, brum" ne mai zurfi, a ciki kake jin sa. Uwa za ta zo da ɗanta, ta faɗi suna da tauraro, ta ajiye 'yan kuɗi, su saka sunan a cikin waƙa na minti biyu ko uku don kore baki da kambun ido. Su ne kuma ke zana hoton macizai a ƙasa a bikin sarpam thullal, da gari kala biyar: fari na shinkafa, rawaya na kurkum, ja na kurkum da farar ƙasa, baƙi na ƙonannen ɓuntu, kore na busasshen ganye. Ana gamawa 'yan mata su zauna a kai, kiɗa ya yi zafi, su fara jujjuyawa suna jan jiki har su goge zanen da gashinsu da furen da ke hannunsu. Wanda ya san bori ba sai an yi masa bayani ba, zai tuna yadda dokin Danko ke jan ciki a ƙasa.

Mafi yawan waɗanda na gani a layi mata da miji ne, shiru, ba sa kallon kowa. Uruli ya kawo su. Wata tasa ce ta tagulla mai faɗin baki marar zurfi. Ma'auratan da suka daɗe ba haihuwa su sayi tikiti, su kewaya ɗakin bauta, su ajiye ta a gaban Nagaraja, Amma ta kai ta nilavara ta kife. A kife za ta zauna. Ranar da aka haihu, yaro ya yi 'yan watanni, sai a dawo da shi a buɗe tasar a cika alkawari. Na ga masu dawowar ma. An ɗora wata jaririya a kan babban ma'auni mai faranti biyu, ana zuba ayaba a ɗaya gefen har suka daidaita, tana ta tsala ihu, kakarta na dariya da hawaye. Ban yarda da inda suka kai kukansu ba, amma fuskar macen da ta shekara goma tana jiran goyo iri ɗaya ce a Haripad da a Hadeja.

Tambayar da na yi wa dattijon ita ce daga ina duwatsun nan suka taru haka. Wasu na masu cika alkawari ne. Wasu kuwa 'yan gudun hijira ne. A da, kowane babban gidan gado a Kerala yana da ɗan kurminsa na macizai, sarpa kavu, galibi a kusurwar kudu maso yamma, da ɗan tafki, ana kunna masa fitilar aci-balbal kowace magariba. Da manyan gidaje suka watse, dokar rabon filaye ta 1963 da gyaranta na 1969 suka yanyanka gonaki, mutane suka ƙaru, sai magada suka so sare kurmin su yi gini, tsoro kuma ya hana. Mafita ita ce a kira masu ibada su "tashi" macizan, a kwaso duwatsun a kawo su irin su Mannarasala, ko Vettikode da ke kusa, ko Pambummekkattu a gundumar Thrissur. Ashe yawan gumakan nan wani ɓangarensa lissafin kurmin da aka sare ne a wasu wurare. Ya ce inda aka sare, rijiya kan ja baya da rani. Tsofaffi su ce fushin maciji ne, shi a matsayinsa na malami ya ce saiwa da inuwa ne aka rasa.

Nan na tuna Daura. Mu ma labarinmu na maciji da ruwa ne, macijin da ake kira Sarki ya tare rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, Bayajidda ya sare kansa aka samu ruwa. Su kuma a nasu labarin barin macijin ne ke tsare ruwan. Kurmin Jakara na zamanin Barbushe ma da tsoro aka tsare shi, yanzu sai suna.

Cizon fa? Wannan na bincika sosai. Indiya ce kan gaba a duniya, wani babban bincike da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta mutum 58,000 ke mutuwa duk shekara. Masu kisan huɗu ne: gamsheƙarsu, wani baƙi mai fararen zobba da ke sara cikin dare mutum na barci, wata ƙatuwar kububuwa mai zane kamar sarƙa, da ƙaramar da ta yi kama da tamu. Duk wanda na tambaya, har masu sayar da kurkum a bakin ƙofa, amsa ɗaya ce: asibiti, a kira 108, lambar motar asibiti. Wanda ya ga maciji a gida kuma akwai manhajar hukumar gandun daji, SARPA, da ke turo mai kamawa ya mayar da shi daji. Gargaɗi ɗaya ga masu sayo magani daga can: allurar dafin da aka yi don waɗannan huɗun ba ta aiki yadda ya kamata a kan kububuwar Kaltungo, ko da sun yi kama. Dafin kowace ƙasa da maganinsa.

Rana ta uku na leƙa Mannar, garin maƙeran tagulla, tafiyar da ba ta kai awa ba a bas. Da kakin zuma da yumɓu suke zubi, kamar yadda aka san Benin da shi. Uruli a kan nauyi ake sayar da shi, mai kyau in ka ƙwanƙwasa sai ya daɗe yana amo. Na sayi ƙarami don tuya, ya ci mini kilo biyu daga nauyin kayan jirgi.

Komawa ta layin bakin teku ne, ba wani labari. Sai dai kada a je wurin da fararen kaya kamar yadda na yi. Bakin rigata ya kwaso kurkum daga dakalin da na tsuguna, da na sa sabulu a masauki sai tabon ya koma ja wur, irin jan kuruthi. Ruwan lemun tsami ya mai da shi rawaya, shanya kwana biyu a ranar Kano ta ƙarasa sauran.